Baƙo da Mai Masauki: Daga Zangon Paraku da Jugu zuwa Zauren Taron Fasaha

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban da suka yi nisa a karatun Hausa, waɗanda suke son su ga yadda kalmomin fatauci na zamanin da suke iya bayyana al'amuran yau. Abin da za mu duba shi ne halin da mutum kan sami kansa a ciki ranar da ya fara halartar taron masu sana'ar kwamfuta da intanet. Ya shiga zaure cike da jama'a, kowa na gaisawa da kowa, shi kuwa bai san ko mutum ɗaya ba. Misalin da za mu riƙe shi ne matashi ko matashiya daga arewacin Jamhuriyar Benin, daga Paraku ko Jugu. Dalilin zaɓen garuruwan nan biyu shi ne karɓar baƙi ce sana'ar da ta raya su, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanensu suna da tsari na yadda baƙon da bai san kowa ba zai sami wanda zai amince da shi.

A taswira za a ga sunayen garuruwan da rubutun Faransanci, wato Parakou da Djougou. Paraku ita ce hedkwatar jihar Borgu ta Benin, kuma birni mafi girma a arewacin ƙasar. Ƙidayar 2013 ta sami mutane sama da dubu 250 a cikinta. Tsakaninta da Kwatano ya haura kilomita 400, kuma a nan ne layin dogon da ya taso daga bakin teku ya tsaya tun cikin shekarun 1930. Jugu kuwa, wadda ake kuma kira Zugu, tana arewa maso yamma da Paraku, tafiyar kimanin kilomita 135, kusa da iyakar Togo, kuma ita ce hedkwatar jihar Donga. Harshen kasuwa a garuruwan biyu shi ne Dendanci, ɗan'uwan Zabarmanci. Ban da shi akwai Barganci da Yom da Lokpa da Fillanci da Yarabanci da Hausa, sai Faransanci, harshen makaranta da ofis.

Fatake da mai gida

A ƙarni na 19 babbar hanyar fataucin goro takan taso daga Kano ko Sakkwato, ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Borgu, ta bi ta Nikki da Paraku da Jugu, sannan ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja, wadda take arewacin Gana ta yau. Fatake sukan tafi da kanwa da tufafi rinannu da kayan fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da dabbobi. Akwai kuma bayi a cikin abin da ake saye da sayarwa a wannan hanya, kuma bai kamata a ɓoye haka ba. Su dawo da goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A 1826 Baturen Ingila mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya iske wani ayarin Hausawa a Kayama, cikin Borgu, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta cewa mutanen sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a kan wannan fatauci a 1980, inda ya yi bayanin manyan rukunonin 'yan kasuwar da suka riƙe shi, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari.

Ayari yana da shugabanni. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke magana da sarakunan hanya. Jagaba shi ke gaba, shi ya san mashigi da wurin ruwa. Uban dawaki yana taimaka wa madugu wajen tattara kuɗin da za a biya a hanya. Ƙasar Borgu ta yi suna wajen 'yan fashi masu tare ayari, saboda haka ba wanda ke gigin ratsa ta shi kaɗai.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne abin da ke faruwa in ayari ya sauka. A Jugu gari biyu ne a haɗe: Kilir, inda fadar sarki take, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa Musulmi. A Paraku ma jama'ar 'yan kasuwa suna da nasu shugaban, mai sarautar Ba-Parakpe, wanda ke tsakaninsu da sarkin gari. Wata mai bincike, Denise Brégand, ta wallafa littafi da Faransanci a 1998 a kan waɗannan Wangarawa na Borgu. Har yau akwai unguwar da ake kira Zongo a Paraku, akwai kuma irinta a Kwatano, kuma kalmar ba wata ba ce illa "zango" ta Hausa, wato wurin da matafiya ke yada kaya su kwana.

Falke ba ya sauka ya shimfiɗa hajarsa a kasuwa haka kawai. Wurin mai gida yake sauka. Ɗalibi ya lura a nan: "mai gida" a bakin matar aure mijinta ne, a bakin yaron shago ubangidansa ne, amma a bakin fatake mutum ne mazaunin gari wanda sana'arsa saukar baƙi. Akan kuma ce masa mai masauki ko fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki da wurin ajiye kaya da turken dabbobi. Shi ke yi masa tafinta in bai iya harshen gari ba. Shi ke gaya masa farashin da ake ciki, da wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya. Shi ke haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye, a yi ciniki, a fitar da la'ada. Sama da duka, shi ke tsaya masa. In za a ba da kaya bashi, mai gida ne ke lamuni, ma'ana in mai saye ya gudu, shi zai biya.

Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya tarar da wannan tsari yana aiki a cinikin shanu da goro. Ana ba da dukiya mai yawa bashi, babu takardar yarjejeniya, babu banki. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne sunan mai gida. In ya tsaya wa macuci sau ɗaya, labari ya kai arewa, baƙi sun daina sauka gidansa.

To, yaya yaron da bai taɓa zuwa ba yake samun mai gida? Ba shi ke nema ba. Yakan fara tafiya ne a ƙarƙashin wani, mahaifinsa ko kawunsa ko ubangidansa, ya sauka inda suka saba sauka. A gabatar da shi: wannan ɗan wane ne. Tafiyar farko kallo yake yi da aike. A ta biyu an san fuskarsa. Kafin a ba shi kaya da sunansa, an riga an ga yadda yake riƙe amanar ƙaramin abu. Wannan shi ne ainihin abin da karin maganar nan take nufi, cewa da ɗan gari akan ci gari.

Hanyar ta mutu a hankali. Ingilishi sun ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, a 1898 Ingila da Faransa suka raba Borgu a tsakaninsu, sannan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano zuwa 1912. Goro ya koma bin teku da dogo, kuma Alhassan Ɗantata, wanda Ba'agale ne, yana cikin waɗanda suka ci moriyar sabuwar hanyar. Amma al'adar sauka wurin mai gida ba ta mutu ba. Duk wanda ya taɓa kai shanu ko albasa kasuwar kudu ya san ta.

Zauren taro

Mu dawo kan matashinmu. An kafa Jami'ar Paraku a 2001, kuma tana da cibiyar koyar da fasaha inda ake karanta ilmin kwamfuta. Ban da ɗalibanta akwai waɗanda suka koyi rubuta manhaja da kansu ta intanet, da masu gyaran waya, da wakilan hada-hadar kuɗi ta wayar salula. Sai dai manyan kamfanoni da ma'aikatu da masu ba da tallafi suna kudu ne, a Kwatano da kewayenta. A can ne gwamnati ta fara shirin Sèmè City a 2017 domin ilmi da ƙere-ƙere, a can ne kuma aka fara baje kolin SENIA a 2022, wanda ya shafi kasuwancin intanet da ƙirƙirarriyar basira. A faɗin Afirka akwai taron Deep Learning Indaba, wanda aka soma a Johannesburg a 2017, aka yi shi a Nairobi a 2019, a Akara a 2023, a Dakar a 2024. "Indaba" kalmar Zulu ce mai nufin zaman shawara. Taron yana da ƙananan rassa da ake kira IndabaX, waɗanda ake shiryawa ƙasa ƙasa.

Ga wanda ke zaune a Kwatano, zuwa taro bai wuce ya hau babur ɗin haya, wanda a can ake kira zemijan, ya je ya dawo ba. Ga ɗan Jugu kuwa tafiyar yini ce a mota, ga kuɗin masauki, ga na abinci, ga aikin da ya bari. Mai yiwuwa sai da aka yi masa karo-karo a gida. Irin wannan mutum in ya je ya zauna a kujerar baya kwana biyu, ya saurari jawabai, ya karɓi riga da jaka mai tambarin taro, ya dawo, to ya yi asara. Jawaban da dama ana ɗora su a intanet daga baya, yana iya kallonsu a ɗakinsa. Abin da ba ya samuwa a waya shi ne mutum ya gan ka, ya ji maganarka, har ya yarda ya ambaci sunanka a gaban wani.

Wani masanin zamantakewa na Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa maƙala a 1973 wadda ta shahara ƙwarai. Ya tambayi mutanen da suka sami aiki ta hanyar wani, sai ya ga yawancinsu ba aminansu na kullum ne suka ba su labarin aikin ba, mutane ne da suke haɗuwa da su jefi-jefi. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda ke nesa da kai kuwa yana jin labarin da ba ya zuwa unguwarku. Falken Kano da ke da mai gida a Jugu, wanda ba ya gani sai shekara shekara, bai karanta Granovetter ba, amma da wannan yake cin abinci.

Neman mai masauki

Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi, a ganina, shi ne ƙidaya. Yana ɗauka nasarar taro ita ce yawan lambobin wayar da ya tara. Sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi lamba hamsin, ya koma gida ya kasa tuna fuskar ko biyar, su ma ba su tuna shi ba. Na biyu shi ne bin manya. Da zarar babban baƙo ya sauko daga mumbari sai a yi masa rumfa, kowa na son hoto. Minti ɗaya da za a samu a cikin wannan cinkoso ba ya haifar da komai.

Abin da baƙo ke bukata shi ne mutum ɗaya ko biyu da za su zame masa mai gida, kuma tun kafin ya bar gida ya kamata ya fara nema. Malamin da ya koyar da shi ya san wani a cikin masu shirya taron? Akwai ɗan garinsu da ya je bara? In akwai, ya roƙe shi ya aika saƙo na layi biyu: ga ɗalibina nan zuwa, ga abin da yake yi, a duba shi. Wannan saƙo ya fi katin suna ɗari, domin da shi baƙo ya tashi daga "wani yaro" ya koma "yaron Malam wane".

In babu kowa, to a cikin zauren ma akwai masu masauki, sai dai ba su ne ke zaune a kujerun gaba ba. Su ne matasan da ke teburin rajista suna raba bajo, da masu kula da lasifika da majigi, da shugabannin ƙungiyoyin masu rubuta manhaja na garuruwa. Waɗannan sun san kowa, sun san wanda ke neman ma'aikaci da wanda ya zo yawo kawai, kuma ba kasafai ake kula su ba. Wanda ya zo da wuri ya taya su jera kujeru, kafin azahar ya zama ɗan gida. Mafi kyau ma shi ne mutum ya nemi a sa shi cikin masu aikin sa kai tun farko. Wannan daidai yake da tafiyar farko ta yaron falke: aike da ɗaukar kaya, amma a gaban idon manya.

Akwai kuma wuraren da hira ke ƙulluwa ba tare da an nema ba: layin karɓar abinci, hutun shan shayi, wurin alwala da inda aka keɓe don salla, bakin soket ɗin da kowa ke cajin waya, da motar da ke mayar da mutane masauki. A irin waɗannan wurare farfesa da ɗalibi duk jira suke yi, kuma mai jira ba ya ƙin hira.

Yadda ake buɗe magana

Bahaushe ba ya fara magana da bukata. Sai an yi sallama, an tambayi gajiya da gida da aiki, sannan a ce "dama". Mutanen Borgu da Donga ma haka suke, gaisuwarsu doguwa ce. A zauren taro kuwa lokaci gajere ne, kuma akwai baƙi daga ƙasashen da ba a saba da doguwar gaisuwa ba. Dole a rage ta, amma kada a yar da ita. Ga misalin yadda ɗalibi zai tunkari malamin da ya girme shi, idan duka biyu suna jin Hausa:

"Salamu alaikum, Malam. Sannu da ƙoƙari, ya gajiya? Na saurari bayaninka na ɗazu a kan fassarar na'ura. Ni ɗalibi ne daga Paraku, ina tattara jimlolin Dendanci tare da fassararsu. Akwai abu guda da ya shige mini duhu, in da hali in tambaya."

Ɗalibi ya lura da jerin abubuwan. Gaisuwa ta zo farko. Sai shaidar cewa ya saurara, domin ya ambaci abin da aka yi magana a kai. Sai inda ya fito da abin da ke hannunsa, cikin jimla ɗaya. Sai tambaya guda, tare da neman izini. Bai ce a ba shi aiki ba, bai ce a ba shi lamba ba. In hirar ta yi daɗi, malamin da kansa zai ce a rubuto masa. Ga mace babba akan ce "Hajiya" ko "Malama", ga mai muƙami "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe", ga tsara kuwa "ɗan'uwa" ko "'yar'uwa" ya isa. Wasu sukan ce "ku" maimakon "ka" don girmamawa, kamar yadda mai Faransanci ke cewa vous kafin a ba shi damar cewa tu. Game da musafaha, mata da maza da yawa ba sa miƙa wa juna hannu. Ɗora hannu a ƙirji tare da ɗan sunkuyawa ya wadatar, kuma ya fi kyau namiji ya jira ya ga abin da macen za ta yi.

Maganar harshe tana da wani ɓangare da ya cancanci a tsaya a kansa. Tarurrukan Benin da Faransanci ake yin su, manyan tarurrukan Afirka kuwa Ingilishi ya fi rinjaye. Sau da yawa akan ga masu Faransanci sun taru gefe guda, masu Ingilishi gefe guda, kamar Kilir da Wangara. Ɗan Paraku mai jin Hausa yana da abin da yawancin mutanen zauren ba su da shi: yana iya magana da ɗan Kano da ɗan Zariya ba tare da Ingilishi ba, da ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram, da ɗan zangon Kumasi. In yana jin Yarabanci, ga mutanen Legas da Ibadan. Dendancinsa kuma zai kai shi wurin Zabarmawan Yamai. Wanda ya tsaya tsakanin mutum biyu ya fassara musu magana ta minti biyar, ya yi aikin da mai gidan Wangara ke yi, kuma duka biyun za su tuna da shi.

Me ka zo da shi?

Falke ba ya zuwa Gwanja hannu rabbana. Yana ɗauke da kanwa ne saboda a can babu ita. Sabon zuwa taro yakan raina abin da ke hannunsa, ya ga kamar kowa ya fi shi, alhali akwai abin da ya sani wanda mutanen Kwatano da Nairobi ba su sani ba. Ya san yadda manomin auduga ko ƙashu ke amfani da wayarsa, ya san inda layin sadarwa ke yankewa, ya san dalilin da ya sa 'yar kasuwar Arzeke, babbar kasuwar Paraku, ta fi son saƙon murya a kan rubutu.

Ga misali na zahiri. Masakhane ƙungiya ce ta masu bincike 'yan Afirka da ke aiki don kwamfuta ta iya sarrafa harsunan nahiyar, kuma ta samo ƙarfinta ne daga haɗuwar da aka yi a tarurrukan Indaba. A 2021 ta fitar da tarin bayanai mai suna MasakhaNER a harsuna 10, har da Hausa da Yarabanci. A 2022 aka faɗaɗa shi zuwa harsuna 20, Fon ta kudancin Benin ta shiga. Dendanci da Barganci da Yom ba sa cikin ashirin ɗin nan. Tun a 2020 kuma wasu ɗalibai biyu, Bonaventure Dossou ɗan Benin da Chris Emezue ɗan Nijeriya, waɗanda suka haɗu a wurin karatu a Rasha, suka fitar da aikin fassarar na'ura tsakanin Fon da Faransanci. Saboda haka matashin Jugu da ya zo da jimloli ɗari biyar na harshen uwarsa, rubutattu da kyau tare da fassara, ya zo da kanwa. Ko aikin bai kammalu ba, in yana cikin waya ana iya nuna shi cikin minti ɗaya, ya fi dogon bayanin abin da mutum yake niyyar yi wata rana.

Inda kwatancen ya tsaya

Kada ɗalibi ya ɗauka zango da zauren taro abu ɗaya ne. Amanar zango ta ginu ne a kan addini ɗaya da harshe ɗaya da auratayya, kuma wanda ba ya cikin wannan da'ira ba ya samun lamuni cikin sauƙi. A taron fasaha akwai Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, mata da maza, kuma wanda ya tsaya cikin 'yan garinsu kawai ya ɓata kuɗin motarsa. Sannan ayari kan yi kwanaki a zango, taro kuwa kwana biyu ne ko uku.

Bambanci mafi muhimmanci shi ne mai gidan zango yana da gida. An san ƙofarsa, in ya ci amana akwai inda za a kai ƙara. A taro kuwa kowa na iya buga kati ya kira kansa shugaban kamfani. Akwai masu yawo da alkawarin biza ko gurbin karatu a Turai in an biya wani abu, akwai masu tallan kuɗin intanet da za su ninka cikin wata guda, akwai kuma masu karɓar aikin matasa su sa sunansu. La'adar dillalin gaskiya bayan ciniki take fita. Wanda ya nemi kuɗi tun kafin a ga komai, a tambayi mutum biyu labarinsa kafin a amsa masa. Ga 'yan mata akwai ƙarin taka tsantsan: ganawar aiki a zaure ko wurin cin abinci ake yin ta, a idon jama'a, kuma manyan tarurruka da dama suna da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a da mutanen da aka naɗa don karɓar ƙorafi. Yana da kyau a san su tun ranar farko.

Bayan an watse

Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga sannan ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta littafi da Larabci tun yana matashi a kan yadda ake tsara wasiƙa. Bukatar irin wannan littafi ta nuna cewa hulɗar fatake ba ta tsayawa ranar da ayari ya tashi. Tsakanin zuwa da zuwa akwai wasiƙa da saƙon baki da ɗan goron gaisuwa. Zumunci a ƙafa yake, in ƙafa ba ta samu ba sai takarda ta je.

Yau WhatsApp da imel da LinkedIn ne suka maye gurbin takarda. A daren da aka karɓi lamba ya kamata a rubuta a gefen sunan inda aka haɗu da abin da aka tattauna, domin bayan mako guda duk sun cakuɗe. Cikin kwana biyu ko uku da komawa gida a aika saƙo. Saƙon da ba ya ƙunshe da komai sai "salam" ko "barka da safiya" kullum, gajiyar da mutum yake yi, haka ma tura masa hotunan addu'a da bidiyon barkwanci. Ga irin wanda ake amsawa:

"Salamu alaikum, Malam. Da fatan an koma gida lafiya, ya gajiyar taro? Ni ne ɗalibin Paraku da muka yi magana a wurin shan shayi a kan Dendanci. Na gwada shawarar da ka ba ni ta raba jimlolin gida biyu, ga abin da ya fito. In akwai wani da ke irin wannan aiki da kake ganin ya dace in tuntuɓa, zan yi murna. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Wanda ya aiko da kai ma yana da haƙƙi. Malamin da ya rubuta saƙon gabatarwa a koma a gaya masa yadda aka yi, da wanda aka gani, da abin da aka ce, domin sunansa ya jingina. In aka yi wa wani alkawarin turo fayil ran Litinin, a tura ran Litinin. In kuma an aika saƙo shiru, ba lalle wulaƙanci ba ne, mai yiwuwa mutumin ya dawo ya tarar da saƙo ɗari biyu. A bari mako biyu su wuce, a sake aikawa sau ɗaya, wannan karon tare da sabon abin da aka ƙara a kan aikin.